Na yi wa kajina rigakafi duka amma suna mutuwa, shin cuta biyu na haɗuwa a kaza ɗaya?

Maman 'Yan Biyu, Ali Ɗan Tsoho:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Don Allah wanda ya sani ya taimaka mini da bayani.

Ina kiwon kajin nama a bayan gida. Wannan karon katan 6 na ɗauko, tsaki 300, irin waɗanda ake shigowa da su daga Najeriya ta Ɗan Isa. Rigakafi babu wanda na tsallake: na Niyukasal a makon farko, Gumboro da suka cika mako 2, Lasota (shi ma na Niyukasal ne) a mako na 3, duk a ruwan sha, yadda aka rubuta mini a takarda.

Tun kafin su cika mako 2 na lura wasu ba su da kuzari, ƙafafunsu da bakinsu sun yi fari fat, ba sa girma. A mako na 3 sai ga zawo fari mai ruwa, gashi ya tashi, suna takurewa a kusurwa, wasu har suna saran duburarsu. Goma sha wani abu suka mutu, abin ya tsaya da kansa, na yi hamdala. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Yanzu suna mako na 5, da dare in na tsaya a bakin ɗakin sai in ji minshari da atishawa ta ko'ina, kashi ya koma kore, wasu wuyansu ya murɗe suna kallon sama. Kowace safiya sai na kwashe matattu. Waɗanda suka rage ma girman ba ɗaya ba, wata ta ba kilo ɗaya baya, wata ko rabin kilo ba ta kai ba, alhali rana ɗaya aka ƙyanƙyashe su. Maganin antibayotik na canza, na kuma canzawa, shiru.

Maƙwabciyata ta ce rigakafin jabu aka sayar mini. Yaron da ke kawo mini abinci ya ce ya taɓa jin cuta biyu ko uku na haɗuwa a jikin kaza ɗaya. To yaya abin yake? Idan murɗewar wuyan nan Niyukasal ce, mene ne amfanin rigakafin da na yi har sau biyu?

Ɗan Kasuwa, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ni dai na fi zargin rigakafin. Ba lallai jabu ba ne, mutuwa yake yi a hanya. Ana so ya zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8, ke kuma kin san yadda wuta ke ɗaukewa a garin nan, firigo ya wuni a kashe. Sannan a saka kwalbar a leda a rataya a hannun moto cikin rana. Ruwan famfo ma in akwai jabel a ciki yana kashe shi. Ni ruwan rijiya nake sawa, in zuba garin madara giram 2 a kowace lita, in ɗauke musu ruwa kamar awa ɗaya zuwa biyu su ji ƙishirwa, su shanye kafin awa biyu. Kin bi wannan?

Maman 'Yan Biyu:

Duk na bi, ƙanena. Cikin kula da ƙanƙara na ɗauko shi, da asuba na ba su, da madarar da komai.

Malamin Dabbobi, unguwar Zariya:

Hajiya sannu da haƙuri, Allah ya musanya da mafi alheri. Maganar Ɗan Kasuwa gaskiya ce, rigakafi da yawa a matacce yake isa bakin kaza. Amma yadda kika jero abin, mako bayan mako, hankalina ya tafi wani wuri. Ina ganin an karya garkuwar kajin nan tun kafin cutar da ke kashe su yanzu ta iso. Yaron mai kawo abinci ya fi maƙwabciyarki kusa da gaskiya.

Garkuwar kaza a wurare biyu take ginuwa tana ƙarama. Na farko wata 'yar jaka ce a saman dubura daga ciki, ana kiranta jakar Fabirishiyus. A nan ƙwayoyin da ke ƙera sinadarin kariya na cikin jini suke girma. Na biyu 'yan ƙulle-ƙullen nama ne jere a gefe biyu na wuya, ƙarƙashin fata, sunansu taimus. Daga nan ƙwayoyin da ke kashe cuta kai tsaye, masu kuma taimaka wa na farkon, suke fitowa. Tushensu duka ɓargo.

Bairos ɗin Gumboro jakar nan yake nufa, ba ya kuskure. A Amurka aka fara bayyana cutar a 1962, nau'inta mai tsanani kuma ya ɓulla a Turai a ƙarshen shekarun 1980, ya bazu har ya iso mana. Abin da kika gani a mako na 3, zawo fari da tashin gashi da saran dubura, da mutuwar da ta hau ta sauka cikin mako guda, haka take zuwa tsakanin mako 3 zuwa 6. Jakar takan kumbura a kwana na 3 zuwa 4 da kamuwa, zuwa kwana na 8 ta tsotse ta koma kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta. Masu kiwo suna murna in mutuwar ta tsaya, ni kuma a lokacin nake fara damuwa, don waɗanda suka tsira sun tsira ne da jaka lalatacciya. Mafi muni shi ne idan ta kama tsako kafin ya cika mako 2. Ba zawo, ba mutuwa, babu abin da za ki gani, amma nakasar garkuwar ta fi tsanani kuma ta fi daɗewa.

Yanzu duba lokacin da kika ba da Lasota: mako na 3, daidai lokacin da Gumboro ke cin jakar. Rigakafi ba shi ne kariyar ba, jikin kaza ne ke ƙera kariya bayan ya gan shi. Jakar nan tamkar makarantar allo ce. In an riga an watsa almajirai, komai kyan malamin da kika ɗauko, wa zai ɗauki karatun? Rigakafin zai iya zama mai kyau, sanyinsa bai yanke ba, a sha shi daidai, amma a auna jinin bayan mako biyu a tarar kariyar ba ta taka kara ta karya ba. Niyukasal ta daji, wato cutar kanta mai yawo a gari, tana shigowa ta sami ƙofa a buɗe.

Za ki ce ai kin yi na Gumboro ɗin ma. Nan ne wurin da ya fi ba mu wahala. Tsako yana zuwa da kariyar da ya gada daga uwa ta cikin gwaiduwa, tana raguwa da rabi kusan kowane kwana 3 a kajin nama. In kika ba da rigakafi tana da yawa, ita da kanta za ta kashe shi, ya tashi a banza. In kika jira ta sauka sosai, bairos mai tsanani ya riga ki, don shi yana iya keta kariyar da rigakafi mai sauƙi ba ya iya ketawa. Kuma katan 6 ɗinki babu tabbacin daga garken iyaye ɗaya suka fito. Wani tsako ya zo da kariya mai yawa, wani kaɗan. Takardar da ta ce kwana 14 ba ta san wannan ba, kwafinta kawai ake ta yi ana miƙa wa kowa.

Sai farin ƙafafun da kika gani da wuri. Abubuwa da dama na kawo shi, har da rashin abinci mai kyau, amma akwai bairos ɗin ƙarancin jini na kaji, wanda aka fara ganowa a Japan a 1979. Yana biyowa ta cikin ƙwai daga uwa, alamunsa na fitowa wajen kwana 10 zuwa 14. Shi ɓargo da taimus yake ci. Jini ya tsinke ya yi ruwa-ruwa, ya ƙi daskarewa da wuri, wani lokaci fiffike ya yi shuɗi saboda jinin da ya taru a ƙarƙashin fata. In shi kaɗai ne, kazar da ta wuce mako 2 zuwa 3 ba ta cika nuna ciwo ba, jikinta na ƙera kariya ya danne shi. Amma da me ake ƙera kariyar? Da jakar da Gumboro ta cinye. Shi ya sa in suka haɗu, girman kazar ba ya cetonta, bairos ɗin ƙarancin jini ya ci gaba da ɓarna har a manya, ya daɗe a jiki fiye da ƙa'ida. Gumboro ta kashe ɓangaren kariyar cikin jini, na ƙarancin jini ya kashe ɓangaren ƙwayoyin da ke kashe cuta kai tsaye. Ɓarnar haɗuwarsu ta fi ta kowannensu in an tara.

Daga nan duk abin da ke yawo a ɗakin ya samu shiga. Bakteriyar Ikolai da kullum tana nan cikin kashi da ƙura, zawon jini na koksi, bairos ɗin adino mai kumbura hanta, har bairos ɗin Marek da ke tashi da ƙurar gashi, wanda shi ma danne garkuwa yake yi. Antibayotik ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Bakteriya yake ragewa, ita ma sai da taimakon jikin kazar. Shi ya sa kike canza magani ba ki ga canji ba.

Ki sami likitan dabbobi ya buɗe miki uku ko huɗu, waɗanda ba su jima da mutuwa ba ko masu ciwon da aka yanka. Ki ce ya nuna miki jakar ya ajiye ta kusa da saifa. A kaza mai lafiya 'yar mako 3 zuwa 4 jakar ta fi saifa girma. Ya tsaga fatar wuya a ga taimus, ya karya ƙashin cinya a ga ɓargo, ja ne ko ya koɗe ya yi rawaya. Ya duba naman cinya da na ƙirji ko akwai ɗigon jini, ya buɗe tumbin da ke gaban ƙundu. Ki dawo ki gaya mana abin da kika gani.

Tsoho na Tibiri:

Hajiya sannu, Allah shi tsare gaba. Malam na ji bayaninka, ya yi daɗi, amma kar a aza ma Gumboro laihi duka. Ni ban yi boko ba, na dai daɗe cikin kaji. Ku dubi abinci. Tunkuzar da muka sa ma kaji, in gujiyar ta sha ruwa bayan anka cire ta, ko anka zuba masara buhu ba ta bushe ba, hunhuna na kama ta. Ka ɓare dunƙulen ka ga kore-kore ciki, ka ji wari na tsami. Mai injin niƙa ba ya zubda irin wagga, haɗawa yake da mai kyau. Kajin da sunka ci ta ba su girma, hantarsu ta yi rawaya, kowace cuta ta zo sai ta kwashe su.

Na biyu, Hajiya kina da kajin gida ko zabi cikin gidan? Da hunturu ya kama, su ka ɗauko cutar murɗe wuya daga maƙwabta. Da masu sayen kaji da ka yawo gida-gida da akurki bisa moto. Ni ba ni barin ko ɗaya shi taka bakin ɗakin kajina, waje nike hiddo mai su, ko da ɗan uwana ne.

Malamin Dabbobi:

Baba, ka faɗi abin da na bari. Gubar da hunhunar ke fitarwa ana kiranta afulatoksin, ita ma jakar nan da taimus take motsewa, kuma zafin niƙa ko na girki ba ya kashe ta. Ƙara da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 a nan, da warin amoniya na shimfiɗar da ta jiƙe. In ka durƙusa daidai tsayin kaza ka ji idonka na yaji, to maƙogwaronsu ya riga ya fara ƙonewa.

Maman 'Yan Biyu:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Baba. An buɗe guda huɗu a gabana. Jakar a tsotse take, saifa ta ninka ta. Ɓargon biyu daga ciki rawaya ne. Hanta da zuciya wata farar yana ta lulluɓe su, har likitan yana ɓare ta da almakashi. Tumbin gaban ƙundu da ɗigo-ɗigon jini a ciki, maƙogwaro ja da majina. Zabi kam ina da su, Baba, guda kaɗan, suna yawo a tsakar gida.

Tambayata yanzu: wani ya ce in haɗa Lasota da na mashaƙon kaji da Gumboro a bokiti ɗaya in sake ba su duka lokaci guda. In yi? Kuma na riga na ba da kuɗin wasu tsakin da za su iso mako mai zuwa, ina so in sa su a ɗakin da ke kusa.

Malamin Dabbobi:

Hajiya kar ki yi ko ɗaya cikin biyun.

Farar yanar nan aikin Ikolai ce, ɗigon jinin tumbi da murɗewar wuya sun fi kama da Niyukasal, jaka da ɓargo kuma sun nuna inda abin ya faro. Tabbacin sunan kowane bairos sai a ɗakin gwaji. Ki bi ta ofishin ma'aikatar kiwo su ɗauki samfur cikin ƙanƙara a tura LABOCEL, babban ɗakin gwajin cututtukan dabbobi, a Yamai. Wannan ba don ke kaɗai ba ne. Murar tsuntsaye mai tsanani tana kama da Niyukasal a ido, kuma ta taɓa shigowa ƙasar nan, a Magariya aka fara ganinta a 2006. In mutuwar ta yi tsalle cikin dare ɗaya, fuska ta kumbura, zanko ya yi shuɗi, sangalin ƙafa ya yi jini, a sanar da su a ranar.

Maganar bokiti ɗaya kuwa, ta kawo mu ɗaya fuskar tambayarki. Ba kullum bairos biyu ke taimakon juna ba, wani lokaci ture juna suke yi. Wanda ya fara kama ƙwayoyin maƙogwaro yana sa jiki ya saki wani sinadarin gaggawa mai suna intaferon, wanda ke hana na biyu hayayyafa na 'yan kwanaki. Kuma wurin zama ɗaya suke nema, maƙogwaro da wata 'yar kaluluwa a bayan ido. Bairos ɗin rigakafin mashaƙo ya fi na Lasota saurin hayayyafa, in kika haɗa kwalba biyu da hannunki sai ya mamaye wurin, kariyar Niyukasal ta fito da rauni, ke kuma kina zaton kin yi biyu. Wanda kamfani ya haɗa a kwalba ɗaya an auna yawan kowanne, shi babu laifi. In daban-daban ne, a bar kamar mako biyu a tsakani. Su kuma waɗannan kajin naki marasa lafiya ne, rigakafi mai rai ƙarin nauyi zai zame musu. Na Gumboro a yanzu ma ba shi da abin da zai tarar ya kare.

Mashaƙon da kansa, ko na daji ko na rigakafin da aka ba ba a kan ƙa'ida ba, yana aske 'yan gashin da ke share maƙogwaro, ƙura da Ikolai su gangara har jakunkunan iska. Akwai kuma murar tsuntsaye mai sauƙi, H9N2, da aka tabbatar a Burkina Faso a 2017, daga baya aka gan ta a wasu ƙasashen yankinmu. Ita kaɗai atishawa ce da rage cin abinci. In ta haɗu da mashaƙo, wani daskararren majina na toshe maƙogwaro daidai inda ya rabu biyu, kaza ta shaƙe ta mutu da ƙibarta. Don haka a gwajin ki ce a duba su ma.

Abin yi yanzu kaɗan ne. Ware masu ciwo, masu murɗaɗɗen wuya a cire su don ba sa dawowa daidai. Ruwa mai sanyi da bitamin, iska ta ratsa, a kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗa. Antibayotik ɗaya wanda likitan ya zaɓa saboda Ikolai, a cika kwanakinsa, a daina tsalle daga wannan zuwa wancan. Matattu a binne da zurfi ko a ƙone, kar a jefa a juji karnuka su ja. Zabin a killace su nesa, a yi musu nasu rigakafin.

Sababbin tsakin ki roƙi a ɗaga miki su, ko da za ki yi asarar wani abu a kan kuɗin. Bairos ɗin Gumboro na iya yin wata huɗu a ɗakin da aka kwashe kaji yana da rai, na ƙarancin jini shi ma haka yake da taurin kai, kuma a takalminki da bokitinki za ki kai musu. Sai ɗakin ya zama fanko, an fitar da ɓuntun duka, an wanke da omo an goge har bango, sannan a fesa maganin da ke kashe irinsu, mai fomalin ko aidin ko jabel mai ƙarfi. Yawancin masu ƙamshin nan da ake wanke bayi da su ba sa yi musu komai. A fesa maganin ƙwari ma, don baƙaƙen ƙwarin da ke ɓuya ƙarƙashin shimfiɗa suna ɗaukar Gumboro daga zubi zuwa zubi. A bar ɗakin a bushe aƙalla mako biyu.

Kafin ki biya kuɗin tsaki a gaba, ki sa dillalin ya tambayo gidan ƙyanƙyasar: an yi wa iyayen rigakafin Gumboro da na ƙarancin jini? An yi wa tsakin Marek a ranar farko? Akwai gidajen da ke yi musu allurar Gumboro tun a can, irin wadda kariyar uwa ba ta kashewa, in kin samu irinsu sun cancanci ƙarin kuɗin. In kuma ku masu kiwo za ku haɗa kai ku ɗauko daga wuri ɗaya, jinin tsaki kamar 20 ya isa a auna kariyar da suka zo da ita, a fitar muku da ranar rigakafin ta gaskiya.

Ɗan Kasuwa:

Malam, waɗanda suka warke fa, ana iya sayarwa a ci?

Malamin Dabbobi:

Gumboro da bairos ɗin ƙarancin jini ba sa kama mutum. Niyukasal iyakarta jan ido na 'yan kwanaki ga mai taɓa kajin ko rigakafin. Amma kar kaza ko ɗaya ta fita daga gidan sai sakamakon gwaji ya nuna ba murar tsuntsaye ba ce, mutuwar ta tsaya, kuma kwanakin jiran da aka rubuta a jikin kwalin antibayotik ɗin sun cika. Ko a lokacin ma a yanka su a gida a fitar da nama, kar a kai su kasuwa da rai su cakuɗa da kajin mutane.